IGIYA: YADDA MANOMIN AUDUGA ZAI GANE MAI ƘARFI DA MATACCIYA

Ya kai manomin auduga, ga wata magana a kan igiya. Watakila ka ce, me ya haɗa malamin gona da igiya, ga maganar iri da taki da feshi ba a gama ba? To, tsaya ka lissafa. Da igiya ka ke auna gonarka. Da ita ka ke ja layin shuka. Da ita ka ke ɗaure shanun noma a turke, da ita ka ke jawo ruwan da za ka haɗa maganin feshi. In kaka ta yi kuwa, ita ce za ta riƙe audugarka a kan amalanke har kasuwa. Watau tun daga ranar sharar gona har ranar awo igiya ba ta rabuwa da hannunka. Amma duk cikin kayan aikin gona babu wanda a ke saye da ka kamarta.

Mu mutanen Zongon Lome ba mu da gonar auduga a ƙofar gida. Tun da aka tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari cikin shekarar 1977, aka kawo jama'a nan Togblekope, muka zama mazauna bakin babbar hanyar da ta bi ta Tsebiye da Notse da Atakpame da Aniye da Bilita da Sokode da Kara da Sansanne Mango har Dapaong. Da yawa daga cikinmu iyali suna nan, gona tana can. A nan Lome a ke sayen igiya, a jefa ta cikin mota a kai ƙauye. In ka yi kuskuren saye a nan, ba za ka sani ba sai kana can cikin daji, inda babu kanti, babu mai canza maka.

Ni yaro ne, ba ni zan koya wa dattawa tufka ba. Iyayenmu da suka bi hanyar Gwanja da jakuna sun san igiya fiye da mu. Sai dai igiyar da suka sani ta rama ce da ta kaba da ta ɓawon kuka. Wadda ta cika kasuwa yanzu ta roba ce, halinta kuwa dabam ne ƙwarai.

Irin igiyoyin da ke kasuwa

Igiya iri biyu ce babba: ta tsiro da ta roba. Ta tsiro ita ce ta rama, da kaba, da ɓawon kuka ko kalgo, da moda, da ta ɓawon kwakwa wadda a ke samu nan bakin teku, da ta sisal da a ke kawowa daga masana'anta. Rana ba ta cika cutar da irin wannan ba. Abokan gabanta su ne ruwa da gara da ɓera.

Ta roba kuwa mutane sun haɗa ta duka sun sa mata suna ɗaya, wai nailan. Ba haka ba ne. Mafi yawan wadda ka ke gani shuɗiya ko ruwan ɗorawa ko koriya, mai sheƙi, marar nauyi, mai araha, ba nailan ba ce. Sunanta folifurofilin, da irin robar da a ke saƙa buhun taki a ke yin ta. Mu kira ta igiyar leda don sauƙi. An fara yin wannan roba don sayarwa a Italiya cikin 1957. Nailan na gaskiya ya girme ta, a Amurka aka ƙago shi cikin 1935. Ya fi ta tsada, ya fi ta ƙarfi, yana da taushi a hannu, yana kuma miƙewa ƙwarai in an ja shi. Akwai ta uku, foliyesta, wadda ba ta cika miƙewa ba, ta kuma fi sauran jure rana.

Ga yadda za ka rarrabe su ba sai ka tambayi kowa ba. Yanki ɗan guntu kamar tsawon yatsa, ka jiƙa shi sarai, ka jefa cikin kwanon ruwa. Igiyar leda za ta taso sama ta tsaya. Nailan da foliyesta su kan nutse. Sa'an nan ka kai bakin wani guntun ga wutar ashana. Ta tsiro ta kan ci wuta ta bar toka, da ƙauri kamar na takarda. Ta roba ta kan narke ta dunƙule. Ka kula kada narkakkiyar ta ɗiga maka a hannu, ta kan manne wa fata. Kada kuma ka yi wannan gwaji kusa da tarin auduga, ko da wasa.

A gaban mai kanti

Kada kunya ta hana ka duba abin da za ka biya da kuɗinka. Ɗauki igiyar, ka kama ta da hannu biyu, tsakaninsu kamar taƙi ɗaya, ka murɗa ta baya, watau ka warware tufkar kaɗan har cikinta ya buɗe. A ciki gaskiyar igiya ta ke. In ta leda ce, ka ga launin ciki da na waje ɗaya ne, zaren yana sheƙi, to sabuwa ce. In waje ya koɗe ya yi fari-fari, ciki kuwa yana nan da launinsa, to ta daɗe a rataye a ƙofar kanti tana shan rana. Gara ka ce a yanko maka daga naɗin da ke cikin ɗaki.

Ka kankare ta da farce. Mai rai ba ta ba da kome. Wadda rana ta kashe sai ka ga gari yana zuba, ƙananan zare suna kakkaryewa kamar busasshiyar ciyawa. Ka zaro zare ɗaya, ka naɗa a yatsu biyu ka ja. In ya tsinke ba da wahala ba, ajiye ta, ko da mai kanti ya rage maka rabin kuɗi. Araha ba ta ado.

In ta rama ce ko sisal, bayan ka buɗe cikinta sai ka sansana. Mai lafiya tana da ƙanshin busasshen tsiro. In ka ji warin fumfuna, ko ka ga baƙaƙen ɗigo, ko gari ya zubo daga tsakiya, ruwa ya riga ya shige ta. Nan Lome iska tana da laima kusan duk shekara, saboda haka igiyar tsiro ta kan ruɓe cikin kanti tun ba a taɓa aiki da ita ba.

Sa'an nan ka dubi tufkar. Igiyar kirki riɓi uku a ke yi mata, kowane sili kaurinsa daidai da na ɗan'uwansa, sun kwanta lumui. In sili ɗaya ya ɗago ya fi sauran, ko ɗaya ya yi sako-sako, to ranar aiki ba su uku za su raba nauyi ba, biyu ne ko ɗaya. Tufkar da ka buɗe, in ka saki ta koma ta rufe da kanta, alama ce mai kyau. In ta tsaya a buɗe, tufka ta yi sanyi.

Ka jinjina ta kuma. Igiya biyu masu kauri ɗaya, iri ɗaya, wadda ta fi nauyi ita ta fi zare a ciki. Igiyar leda ta kirki mai kaurin milimita 12, watau kamar ɗan ƙaramin yatsan babban mutum, mita 100 nata ya kan yi wajen kilo shida da rabi. In aka ɗora a sikeli ta gaza haka da yawa, iska aka tufka maka. In cikakken naɗi za ka saya, kada ka dogara da tsawon da aka faɗa, a auna a gabanka. Wajen launi kuwa, in ka sami baƙa ka ɗauke ta, don baƙin da a ke zuba wa robar yana kare ta daga rana.

Akwai kuma tsofaffin igiyoyi masu kauri da a ke fitowa da su daga tashar jiragen ruwa da wajen masunta. Ganin kaurinsu ya kan ruɗi mutum. Ka tuna, masu jirgi ba su yar da igiya sai sun daina yarda da ita. Gishiri da yashin teku sun shiga tsakanin zaren suna yanka shi daga ciki. Ta yi shingen garka, ta yi ɗaurin rumfa. Ban da ɗaurin kaya a mota.

Nawa igiya za ta iya ɗauka?

Ƙarfin igiya ba ya tafiya daidai da kaurinta, ya kan zarce. In kauri ya ninka biyu, ƙarfi ya kan ninka wajen huɗu. Ga misali. Sabuwar igiyar leda ta masana'antar kirki mai milimita 6 ta kan tsinke a wajen kilo 600. Mai milimita 12 kuwa sai ta kai wajen kilo 2,200. Ta sisal mai milimita 12 ba ta cika kai kilo 1,000 ba. Wannan lissafi yana da baya mai ban tsoro. Igiyar da gogayya ta cinye har kaurinta ya koma rabi a wuri ɗaya, ba rabin ƙarfinta ya rage ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne.

Amma fa kada ka ji kilo 2,200 ka ce to bari in ɗora mata tan biyu. Wancan shi ne nauyin da ke tsinka ta tana sabuwa, a miƙe, ba ƙulli, ana ja a hankali. A gona babu irin wannan ja. Sa ya kan fizga, amalanke ya kan faɗa rami. Ƙa'idar masu aiki da igiya ita ce a raba wancan nauyi gida biyar, a ba ta aikin gida ɗaya. Igiyar kasuwa kuwa, wadda sau da yawa da tsohuwar roba aka narka aka yi ta, ba ta kai wannan lissafi ba ko kusa. Don haka sai gwaji.

Kafin gwaji ka san wannan: kowane ƙulli yana rage ƙarfin igiya, wani har ya kan cinye rabi. Shi ya sa in igiya za ta tsinke a bakin ƙulli ta ke tsinkewa. In kana so ka haɗa igiya biyu, warware bakinsu ka saƙa su cikin juna kamar yadda masunta ke yi. Irin wannan haɗi ya kan bar mata wajen kashi tara cikin goma na ƙarfinta. Duk wanda bai iya ba ya roƙi wani dattijo ya nuna masa, aikin yini ɗaya ne.

Ga gwajin. Yanki gaba biyu daga igiyar. Nemi reshe mai ƙarfi na itace mai rai, ka naɗe shi da tsohon buhu don kada ɓawo ya ci igiyar, ka ɗaura baki ɗaya a can. A ɗaya bakin ka ɗaura ɗan katako ko ƙaƙƙarfar sanda yadda za ta yi lilo kamar taƙi ɗaya bisa ƙasa, kada ta fi haka. Sai ka riƙa ɗora buhunan taki, kowanne kilo 50 ne, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Ka kawar da ƙafarka daga ƙarƙashi, ka kori yara. In ta riƙe buhu uku har ka ƙirga ɗari ba ka ji tana ƙara ba, ba ka ga zare yana tsalle ba, to ka ba ta aikin buhu ɗaya. In aikin buhu biyu ka ke nufi da ita, sai ta riƙe shida. Dalili kuwa, guntun gwaji yana da ƙulli, ƙulli ya ci rabi, ashe wadda ta riƙe kilo 150 da ƙulli ainihin ƙarfinta ya kusa 300. Raba 300 gida biyar, ka ga ka dawo wajen buhu ɗaya. Guntun da aka gwada ya riga ya wahala, kada a mai da shi bakin aiki.

Wani ya kan ɗaura igiya a gindin itace ya sa samari biyar su ja, wai gwaji. Wannan ba ya nuna kome sai ƙarfin samarin. Ga shi kuma da haɗari. Igiyar roba, musamman nailan, in ta tsinke tana a miƙe ta kan dawo kamar bulala, ta kan fasa ido, ta kan karya yatsa. Ko a gwaji ko a wurin aiki, kada ka tsaya a saitin igiyar da a ke ja.

Igiyar awo da igiyar shuka

Nan ne na fi so ka buɗe kunne, don a nan igiya ta kan cuci manomi ba ta ko tsinke ba. Igiyar awo ba ƙarfi a ke nema gare ta ba, tsayawa a tsawo ɗaya a ke nema. Nailan yana miƙewa in an ja shi. Ta rama da ta sisal su kan tsuke in raɓa ta jiƙa su, su saki in rana ta yi. Ta leda in ta tsufa ta kan ƙara tsawo ba ta komawa.

A ce igiyarka ta mita 50 ce, ta miƙe ta zama 52 da rabi, kai ba ka sani ba. Ka auna biyu a tsaye, biyu a kwance, ka ce ga hekta ɗaya. Alhali kowane gefe mita 105 ne, filin kuwa ya zama murabba'in mita 11,025 maimakon 10,000. Watau ya ɗara hekta da kashi ɗaya cikin goma. Taki da maganin feshi kuwa na hekta ɗaya ka karɓo bashi daga ƙungiya. Kowane gindin auduga zai sami abin da bai kai rabonsa ba, maganin ƙwari ya yi ƙaranci, tsutsa ta sami hanya. In kuwa igiyar tsukewa ta yi, ka rubuta fili fiye da abin da ka noma, ka ci bashin da gonar ba za ta iya biya ba.

Haka wajen shuka. In malamin gonarku ya ce a bar santimita 80 tsakanin layi da layi, faɗin mita 100 zai ba ka layi 125. In alamun igiyarka sun buɗe sun koma 84, layi 119 za ka samu. Layi shida sun tafi a banza, ga shi ka yi sharar wurinsu, za ka kuma yi nomansa.

Maganin abin mai sauƙi ne. Sabuwar igiya, kafin ka sa mata alama, ka miƙe ta tsakanin itace biyu ta kwana biyu da ɗan nauyi a rataye, ta gama miƙewar da za ta yi. Sa'an nan ka aro tef na awo wurin malamin gona ko sakataren ƙungiyarku, ka auna ta a ƙasa tana a miƙe daidai yadda za ka ja ta a gona. Kada ka yi alama da ƙulli, don kowane ƙulli yana cin tsawo. Buɗe tufka ka cusa ɗan jan ƙyalle na auduga. Kowace shekara kafin shuka a sake gwada ta da tef. Igiyar awo kuma aikinta awo kaɗai, ba a ɗaure akuya da ita.

Babban laifin igiyar leda

Auduga ta daɗe tana fita daga Togo zuwa ƙasashen waje. Tun zamanin Jamus, cikin 1901, wasu baƙaƙen fata daga makarantar Tuskegee ta Amurka suka fara gonar gwaji a Tobe kusa da Kpalime, daga baya aka buɗe makarantar noman auduga a Notse. An kafa kamfanin SOTOCO cikin 1974, NSCT ya gaje shi cikin 2009, cikin 2020 kuma kamfanin Olam ya sayi kashi 51 cikin 100 na hannun jarinsa. Duk wannan zamani abin da ke sayar da audugarmu shi ne da hannu a ke tsince ta, tana fita fara tas. Abin da ke ɓata mata suna yanzu kuwa, ita da ta maƙwabtanmu, zaren leda ne.

Ga yadda abin ke faruwa. Ka tsinci auduga cikin tsohon buhun taki, ka ɗaure bakinsa da igiyar leda mai tsattsagewa. Zare ɗaya ya faɗa ciki. A injin gurza, ko na Talo kusa da Atakpame ko na Kara ko na Dapaong, haƙoran inji su yayyaga shi ya zama ɗaruruwan ƙananan gashi, su bazu cikin dila. Ido ba ya ganinsu, musamman in farare ne. Dila ta bi ta tashar Lome ta tafi Asiya, a kaɗa zare, a saƙa yadi. Sai ranar rini asiri ya tonu, don leda ba ta shan rinin da auduga ke sha. Yadi ya fito da fararen zane-zane, a mai da shi. Mai masaƙar ba zai san sunanka ba, amma ya san sunan ƙasar da dilar ta fito. Baɗi sai ya taya ta da rahusa, rahusar kuwa a kan manomi ta ke sauka. Tun a kasuwar ƙauye ma, in mai duba auduga ya ga leda cikin taka, yana iya mai da ita lamba ta biyu.

Saboda haka duk igiyar da za ta taɓa auduga kai tsaye kada ta zama ta leda. Ta zaren auduga ita ce gaba da kowace, ko tsummokin yadin auduga da aka tufka. In babu, a yi da ta rama mai santsi wadda ba ta zubar da gashi. Wata sisal ɗin masana'anta tana da mai a jikinta, ya kan ɓata farin auduga, sansana za ka ji. In tilas sai da ta leda za a ɗaure kaya, to a rufe audugar da tamfol tukuna, igiya ta bi ta bisa. Kowane bakin igiyar leda a ƙona shi ya dunƙule tun a gida. Ranar awo kada a yanka igiya bisa tarin auduga, a kwance ta. Guntayen da suka faɗi a dandalin kasuwa a sa yara su tsince kafin a zuba kaya.

Ɗaurin kaya, turke da rijiya

Auduga kaya ce mai yaudara. Ka ɗaure ta tam, in an yi 'yar tafiya sai ta kwanta, igiya ta yi sako-sako. Ka tsaya bayan tafiya kaɗan ka sake ja. Direbobinmu da ke hawan duwatsun Alejo da Defale sun san wannan. Duk inda igiya ta bi ta kan kaifin ƙarfe ko kusurwar katako, a sa mata guntun tsohuwar taya a ƙarƙashi. Kada kuma a ja igiyar leda da sauri a kan wata igiyar ledar, zafin gogayya kaɗai ya isa ya narka ta. In ka ga wani wuri ya yi ƙyalli ya taurare kamar kwalba, ya ƙone ke nan, yanke shi.

Igiyar turke a gindin turke ta ke mutuwa, inda fitsari da laka ke jiƙa ta. Can za ka duba, ba wajen wuyan sa ba. Sa ɗaya in ya tsinke da dare ya shiga audugar maƙwabci, abin da za ka biya a gaban sarki ya fi kuɗin igiya ashirin, ban da ɓacin zumunci.

Ga guga, igiyar leda ta fi dacewa, don ruwa ba ya ruɓar da ita. A sa itace mai santsi a bakin rijiya don kada siminti ya ci ta, a kuma riƙa juya ta, bakin da ke hannu ya koma wajen guga. Igiyar da maganin feshi ya zuba a kanta kada ta sake shiga rijiya, kada kuma ta zama ragamar dabba. Amma maganar zura mutum cikin rijiya don yasa, wannan dabam ce. Ran mutum ba a rataya shi a igiyar guga. Sai sabuwa mai kauri wadda aka gwada, a kuma haɗa masa ta biyu a ƙugu, wasu mutane dabam suna riƙe da ita.

Ajiya

Ta tsiro a shanya ta ta bushe sarai kafin a naɗe, a rataye ta inda iska ke shiga, kada ta taɓa ƙasa saboda gara. Ta roba a raba ta da rana. Kada ka bar ta a kan rufin kwano ko a jikin amalanke duk rani. Igiyar ledar da ta shekara a fili, ko da ba ta yi aikin kome ba, kada ka yarda da ita sai ka sake gwadawa. Wadda ta yi laka a wanke ta da ruwa zalla. Kada a ajiye kowace iri tare da taki ko maganin feshi ko batirin mota. Ruwan batir ya kan cinye nailan da rama, wani lokaci ba tare da wata alama a waje ba.

Sau biyu a shekara, kafin shuka da kafin tsinka, ka zauna a inuwa ka bi kowace igiya da hannu daga baki har baki. Inda ka ji ta sirance, ko ta yi laushi, ko ta taurare, buɗe ka duba. In sili ɗaya cikin ukun ya yanke, yanke wurin ka saƙa. In wuraren sun kai uku ko huɗu, ta sauka daga babban aiki, ta koma ɗaurin kara da zana. Matacciyar igiyar leda kuwa kada a yar da ita a gonar auduga, don guntayenta su kan koma cikin kaya, shanu kuma su kan haɗiye su.

Wanda ke shirin tafiya ƙauye, ya sayi igiyarsa tun da sauran kwanaki don ya sami damar gwada ta a gida. Wanda ba shi da tef, ya kawo igiyar awonsa ranar taron ƙungiya, za mu auna ta tare mu sa mata alama.